Na shiga jami'a da murya, aka ce in kawo rubutu

Rediyon mahaifina baƙa ce mai cin batir huɗu, murfin bayanta ya karye tun ban yi wayo ba, an ɗaure shi da robar tayar keke. Da ita muke karyawa a gidanmu da ke cikin tsohon garin Sakkwato. In an sauko daga sallar asuba ya yi lazimi, sai ya zauna a zaure ya ji BBC ta shida da rabi, ya juya Rima Radio ya ji na gida, sannan ya saɓa rigarsa ya nufi rumfarsa ta albasa. Ni kuwa in ya fita sai in ɗauki ludayin Inna in kafa a baki ina kwaikwayon masu karanta labarai, har da ɗan tarin da suke yi kafin su fara. Da na shiga sakandare ni ke karanta labaran makaranta a taron safiyar Litinin. Malamai da 'yan unguwa kowa cewa yake, wanga yaro muryar rediyo garai. Da wannan maganar na girma, kuma ita ta sa na ɗauka cewa karatun aikin jarida a jami'a koyon magana ne a gaban makirufo.

Ranar da na ce wa Baba Maskom, wato karatun aikin jarida da sadarwa, zan cike a JAMB, ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Wanga karatun naka, aiki na ko surutu na?" Bai hana ni ba, amma bai yi murna ba.

Tun a ƙofar shiga na fara tuntuɓe. A lokacin ana neman kiredit biyar, ciki har da Turanci da Lissafi, kuma jami'o'i da dama suna so a haɗa da Adabin Turanci. A JAMB darussa huɗu ne, maki 400 gaba ɗaya, Turanci dole, sauran ukun daga ɓangaren fasaha da zamantakewa, irin su Adabin Turanci da Gwamnati da Tarihi ko Hausa, gwargwadon abin da jami'ar da ka zaɓa ta gindaya. Ni a zaman farko Turancin ne ya ƙi fita, sai da na sake zama. Shekara guda ta tafi a nan. Da ina da mai faɗa mini, da tun lokacin na gane cewa wannan Turancin da ya tare ni a ƙofa shi zai jira ni a ciki.

Na samu gurbi na fara a 2018. Shekarar farko ba ta yi kama da abin da na zo nema ba ko kaɗan. Rabin kwasa-kwasan na kowa da kowa ne: amfani da Turanci, amfani da laburare, al'adun mutanen Najeriya, falsafa da tunani, sai ɗan ilimin zamantakewa da na siyasa da ake aro daga wasu sassa. Ɗalibai ɗaruruwa a ɗakin lakca ɗaya, a zafin Afrilu, wanda bai zo da wuri ya kama benci ba sai dai ya tsaya a taga. Na sashenmu guda biyu ko uku ne kawai, gabatarwa ga sadarwa da tarihin kafafen yaɗa labarai. A nan muka haddace cewa Henry Townsend ya fara buga Iwe Irohin a Abeokuta a 1859, Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito a Zariya a 1939 Abubakar Imam yana editanta, gidan talabijin na farko an buɗe shi a Ibadan a 1959. Hadda kuwa ba ta taɓa ba ni wahala ba, ɗan makarantar allo ne ni. Na ci shekarar da maki mai kyau, na koma gida hutu ina tafiya kamar wanda ya riga ya zama ɗan jarida, alhali ko labari ɗaya ban taɓa rubutawa ba.

A shekara ta biyu aka kawo kwas ɗin rubuta labari da ɗauko rahoto, mai nauyin yunit uku. Malamin ba ya ba da handawut. Yana shigowa sai ya rubuta bayanai goma ko sha biyu a allo a hargitse: gobara ta tashi a wata kasuwa, ga lokacin, ga yawan shagunan, ga abin da jami'in kashe gobara ya ce, ga sunan shugaban 'yan kasuwa, ga wani bayani da ba shi da amfani da ya saka da gangan. Sai ya dubi agogo ya ce minti ashirin. Na farkon da na rubuta, na buɗe shi da cewa a ranar Talatar da ta gabata, cikin wani yanayi na alhini da jimami, al'ummar garin suka wayi gari da wani mummunan al'amari. Sai a layi na bakwai gobarar ta fito. Takardar ta dawo mini da jan biro ya zagaye layi na bakwai ɗin, ya ja kibiya zuwa sama, ya rubuta biyu bisa goma.

Abin da ake nema ba ɓoyayye ba ne, hannu ne bai saba ba. Labari ana gina shi kamar dalar gyaɗa da aka kifa, faɗin a sama tsinin a ƙasa. Mafi muhimmancin abu shi ke zuwa a jimlar farko, mai bi masa ya biyo, har a gangaro kan abin da ko an yanke shi ba a yi asara ba. Dalili kuwa shi ne edita in fili ya yi masa kaɗan daga ƙasa yake datsewa, mai karatu ma sau da yawa sakin layi ɗaya yake karantawa ya wuce. Jimlar farkon nan kada ta haura kalma talatin zuwa talatin da biyar, kuma ta ɗauki mafi nauyi daga tambayoyi shida: wa, me, ina, yaushe, don me, ta yaya. Kowace magana da ba idonka ya gani ba sai ka jingina ta ga wanda ya faɗa. Ra'ayinka da alhininka ba su da wuri. Malamin namu yana da wata doka kuma, duk wanda ya rubuta sunan mutum ba daidai ba, ko harafi ɗaya ne, sifili ne, komai kyan sauran. A lokacin mun ɗauke shi mugu.

Matsalata ta fi ta tsari zurfi. Da Hausa nake tunani, in juya zuwa Turanci a kaina, sannan in rubuta, kuma minti ashirin ba ya isar wannan doguwar hanya. Salon da na tashi da shi na gabatarwa ne, a yi sallama, a share fage, sannan a zo ga magana, labarin jarida kuwa ba ya sallama. Na samu 11 cikin 30 a gwaje-gwajen zango, 23 cikin 70 a jarrabawa. Jimla 34. Ana cin kwas ne daga 40.

Wanda bai shiga jami'a ba ba zai gane nauyin F guda ɗaya ba sai an yi masa lissafi. A ma'aunin maki biyar, A daga 70 take tana da 5, B daga 60 tana da 4, C daga 50 tana da 3, D daga 45 tana da 2, E daga 40 tana da 1, F kuwa sifili. Ana ninka wannan da yunit ɗin kwas, a tara, a raba da yawan yunit ɗin da ka yi rajista. Ɗalibin da ya ɗauki yunit 20 ya ci B a duka, 80 a raba 20, yana da 4.0. In kwas ɗaya mai yunit uku ya faɗi, 68 a raba 20, ya dawo 3.4, wato ya sauko ƙasa da 3.50 da ake buƙata don digiri mai daraja ta biyu babba. Kuma a wajenmu ko ka sake kwas ɗin ka ci A, sifilin nan yana nan cikin lissafi har ka gama. Ni da ba B nake da ita a ko'ina ba, faɗuwar ta fi haka muni.

A allon sashe ake manna sakamako, da lambar rajista ba da suna ba. Na bi layina da yatsa sau uku ko idona ne ya tsallaka layin wani. Abokaina suna ta hayaniya, ni kuwa na zame na tafi bayan masallaci na zauna har aka kira la'asar. Abin da ya fi cina shi ne wannan kwas ɗin shi ne aikin kansa. Da lissafi na faɗi ko falsafa, da na ce ba hanyata ba ce. Na je wajen malamin da ke kula da ajinmu na ce ina so in koma sashen Hausa. Ya ce ba zai hana ni ba, amma in sani ko da digirin Hausa na shiga gidan rediyo, wannan jimlar farkon tana can tana jirana. Ya ce in je in yi tunani. A gida kuwa ban faɗa wa kowa ba, in an tambaye ni karatu sai in ce alhamdu lillahi.

Sai 2020 ta zo da korona da yajin aikin ASUU, ƙungiyar malaman jami'a, wanda ya ja daga Maris har Disamba. A cikin watannin nan hawan jini ya kayar da Baba, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Ni ne babba namiji, rumfa ta dawo hannuna. Na koyi zaɓen albasar da za ta ajiyu a rudu da wadda dole a sayar a makon, na koyi ciniki da masu lodin Kudu. Har na fara saba wa raina cewa ƙila nan ne wurina. Wata rana da dare ina shafa masa man zafi a ƙafa, rediyon tana gefe, sai kawai na faɗa masa. Ya yi shiru, sannan da bakinsa da ya karkace ya ce, "Nawa kac ci?" Na ce talatin da huɗu, Baba. "Nawa aka biɗa?" Na ce arba'in. Ya ce, "Shidda na kaɗai. Koma ka ɗauko su." Bai ƙara komai ba. Allah Ya yi masa rasuwa kafin a janye yajin aikin.

Wani dattijo a layinmu da ya yi shekaru a gidan jarida kafin ya yi ritaya, Kawu muke ce masa, shi ya ba ni hanyar da ta fitar da ni. Ya ce in je wajen masu tsire da masu ƙosai in sayi tsofaffin jaridun Turanci da suke naɗi da su. In ɗauki labari in rufe sakin layin farko da tafin hannu, in karanta sauran, in rubuta tawa jimlar farkon, sannan in ɗaga hannu in gwada da tasu. Goma kullum. Da dare kuma in saurari labaran Hausa in rubuta uku da Turanci, washegari in ɗauki uku na Turanci in mayar Hausa. A rumfa nake yi tsakanin mai saye da mai saye, littafin har warin albasa yake. Ran Juma'a in kai masa ya bi da biro. Watan farko kusan kowane layi sai ya taɓa. Ya hana ni kalmomi masu ado, ya ce in ga ko jimlar za ta tsaya ba tare da su ba, kuma kusan kullum tana tsayawa. Wajen wata na huɗu na lura na daina juyawa a kaina, jimlar tana zuwa da Turancinta.

Da aka koma a 2021 na sake rajistar kwas ɗin tare da 'yan ajin da ke bayana. Kariyoba, wato maimaita kwas ɗin da ka faɗi, tana da wahalar da ba a faɗa: lokacin lakcarta yakan ci karo da na kwas ɗin ajinka, ga dokar halartar kashi 75 cikin 100 kafin a bar ka ka zauna jarrabawa, ga iyakar yunit da za ka iya ɗauka a zango, wadda takan tilasta ka ajiye wani kwas zuwa gaba. Ga kuma kunyar zama da ƙannenka. Na ci 63.

Shekara ta uku ita ce ta aikin hannu, shirya shirin rediyo da na talabijin, ɗaukar hoto, tace labari da tsara shafi, dokokin aikin jarida, hanyoyin bincike. Duk mai shirin shiga ya sa a ransa cewa kayan aiki ba za su ishe shi ba. Rukuninmu mutum goma sha bakwai ne a kan kyamara ɗaya, in wuta ta ɗauke a sutudiyo an tashi ke nan, kuma mujallar da aka ce kowane rukuni ya buga daga aljihunmu muka yi karo-karo. A irin wannan rukuni mutum huɗu ke aikin, sauran su kawo kuɗi a sa sunansu. Ka yi ƙoƙari ka kasance cikin huɗun, don su kaɗai ke fita da wani abu a hannu. Wayar hannu ita ta rufa mana asiri. In za ka ɗauki murya ka sa ta a yanayin jirgi kada kira ya katse, ka riƙe ta kamar taƙi ɗaya daga bakin mai magana, lokacin hunturu ka sa mata safa a kai saboda iska, kuma kafin ka bar wurin ka ɗauki daƙiƙa talatin na hayaniyar wurin kawai, za ka buƙace ta wajen haɗawa. Naka karatun labarin ka ɗauke shi a ɗaki mai katifa da labule, ɗakin da babu kaya amsa-kuwwa yake yi. Manhajar Audacity kyauta ce kuma ta isa tace murya. Bidiyo ne ke son kwamfuta mai ɗan ƙarfi.

A nan ne muryar tawa ta samu ranarta, amma ita ma sai da aka gyara ta. Rubutun rediyo lissafi gare shi, kusan kalma uku a daƙiƙa, labarin daƙiƙa arba'in bai wuce kalma 120 ba. Jimla gajera, muƙami kafin suna, adadi mai tsawo a dunƙule shi don kunne ba ya komawa baya. Sannan ga tsohuwar matsalarmu ta Hausawa da harafin p da f a Turanci, wadda na yi makonni ina gyarawa da takarda a gaban baki, in ta motsa na furta p daidai.

Kwas ɗin doka kada a yi masa haddar cin jarrabawa. Sashe na 22 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa 'yan jarida bin diddigin gwamnati, sashe na 39 ya ba da 'yancin faɗin albarkacin baki, dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa buƙatarka. A ɗaya gefen akwai ɓata suna, da raina kotu, da sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 da aka sha kama masu rubutu da shi. An koya mana yadda Dokar soja ta 4 ta 1984 ta kai Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar Guardian gidan yari. Abin da ɗalibai suka fi kuskurewa shi ne zaton cewa in ka sa "ana zargin" ka tsira. Ba ka tsira ba in ba ka da takarda ko majiya, kuma ba ka nemi jin ta bakin wanda ake zargin ba.

SIWES, wato horon aiki da ake tura ɗalibai su yi a ma'aikata, na yi shi a wani gidan rediyo a nan Sakkwato. Makon farko ba wanda ya kula ni, sai aiken sayen ruwa. Da suka ga ina iya fassara aka zaunar da ni a teburin Hausa, inda na gane cewa Hausar ma da nake taƙama da ita tana da aiki: miliyan da biliyan harafi ɗaya ya raba su, kuma a garin da ke da Magajin Gari da Magajin Rafi da Galadiman Gari, in ka musanya sarauta kafin ka fito daga sutudiyo waya ta fara ƙara. Wata rana aka yi hatsarin mota a bakin gari, babu kowa a ofis, aka tura ni. Na tarar an kwashe mutane, wani ɗan kabu-kabu ya rantse mini mutum bakwai suka mutu, a gabansa aka yi. Na dawo da gudu na rubuta, jimlar farko tsaf, kalma ashirin da shida. Editan ya karanta ya ce, "Wa ya ce bakwai?" Na ce wani da abin ya faru a idonsa. "Likita ne? Ya taɓa su?" Ya ce in koma asibiti da ofishin jami'an kiyaye haɗurra, kuma kada in dawo sai da suna da muƙamin wanda ya ba ni adadi. Mutum biyu ne suka rasu, sauran suma suka yi. Da aka karanta labarin da yamma ina tsaye a bayan gilashi, tunanin gidaje biyar nake yi da saura kaɗan in kai musu makoki. A wannan zaman ne kuma aka fara miƙo mini ambulan bayan wani taro aka ce kuɗin mota. Aljihuna babu ko na komawa gida. Na karɓa, kuma da na zauna rubutu na ji yadda hannuna ke kauce wa tambayar da ya kamata in sa. Ban sake karɓa ba, ko da yake ba zan ce abin yana da sauƙi ba. Littafin SIWES kuwa a cike shi kowane mako a kai a sa hannu, wanda ya bari sai ƙarshe ƙirƙira yake yi, kuma malamin da ke zuwa dubawa yana ganewa.

Ajin ƙarshe yajin aikin 2022 ya raba shi biyu, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. Furojet, wato binciken kammala digiri, babi biyar ne, gabatarwa, bitar rubuce-rubuce da ra'in da ka dogara a kai, hanyar bincike, sakamako, kammalawa. Ni na duba yadda manoman albasa ke samun labarin farashi, ta rediyo ko ta waya. Takardar tambayoyin da na tsara da Turanci ba ta yi aiki a ƙauye ba, sai da na mayar da ita Hausa na riƙa karanta wa mutum ɗaya-ɗaya ina cikewa, abin da na yi wa lissafin mako biyu ya ci shida. Na gama a 2023 da daraja ta biyu ƙarama. Karatun shekara huɗu ya ci kusan shida.

Masu shigowa yanzu su duba sunan digirin da kyau kafin su cike fom, domin a 2020 hukumar kula da jami'o'i, NUC, ta sanar da raba Maskom gida bakwai, aikin jarida daban, aikin rediyo da talabijin daban, hulɗa da jama'a, talla, fim, sadarwar ci gaban al'umma, da nazarin bayanai da kafafe. Wasu jami'o'in sun raba, wasu suna kan tsohon suna.

Yanzu ina teburin labarai a wani gidan rediyo mai zaman kansa. Albashin ba ya kai wata, shi ya sa Asabar da Lahadi ina rumfa tare da ƙanena, rediyon Baba tana rataye a ƙusa da robarta. Ba kasafai nake karanta labarai ba, na fi zama a baya ina tacewa. Ɗaliban SIWES in sun zo, akasarinsu abin da suke fara faɗa mini shi ne suna da murya. Sai in rubuta musu bayanai goma a hargitse in ce minti ashirin. Makon jiya wata yarinya ta kawo mini jimlar farko mai kalma sittin da ɗaya, da sallamarta da komai. Na ce ta mayar da ita talatin. Ta kai talatin da takwas aka kira magariba, ta ce Malam, sai Litinin.